Babur Ɗin Malam Jibirilu da Makullan Mutane

Malam Jibirilu Iddrisu yana da shekara sittin da huɗu, kuma shi ne mai rabon goron gayyata a layinsu da ke unguwar Nima a Accra. Ko suna ko ɗaurin aure, shi ake ba goro ya bi gida-gida ya sanar. Shekara goma sha tara yana wannan aiki a kan babur guda, wanda tun da ya saye shi a kasuwar Tudu ya riga ya tsufa.

Yana da wani aikin da ba wanda ya naɗa shi. A gidajen haya na Nima, inda ɗaki goma ke kallon tsakar gida ɗaya, mai zuwa kasuwa ko mai tafiya arewa yakan bar makullin ɗakinsa wurin wanda ya yarda da shi. Mutane sun yarda da Malam. Shi kuwa mantuwa yake tsoro, don haka duk makullin da aka ba shi sai ya zura a zoben makullin babur. Hujjarsa ita ce babur ba ya tashi sai da makullinsa, ke nan ba yadda za a yi ya fita ya bar amanar mutane a baya. Bana zoben ya kai makulli talatin da ɗaya, har da na banɗaki biyu da na firjin Lamisi mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake.

Bana ɗin ne kuma babur ya kama tari. Yana cikin tafiya sai ya shaƙe, ya yi shiru kamar mai tunani, sannan salansa ya yi ƙara kamar an harba bindiga. Awaki suka koyi kauce masa tun daga nesa. Mata kuwa da sun ji ƙarar sai su yafa mayafi, sun san goro ya iso.

Abin ya daina zama wasa ranar da babur ya mutu masa a gaban trotro, motar haya. Malam ya tsira da ƙujewar gwiwa, goron sunan jikar limami kuwa ya gangara kwata. Matarsa, Hajiya Muniratu, ta wanke ciwon, ta ɗaure, sannan ta ce in Juma'a ta yi babur bai warke ba za ta kira masu sayen tsohon ƙarfe. Malam ya san ba ta faɗa sau biyu. Ya kuma san gwiwoyinsa ba za su iya zagaya Nima a ƙasa ba. In babur ya tafi, rabon goro ya tafi.

Ran Litinin ya kai shi Maamobi wurin Tajudeen fita, kamar yadda ake kiran makanike a nan. Rumfar Tajudeen ba ta rabuwa da 'yan zaman banza, Malam kuwa ba ya son kowa ya ga makullin wane ya gane cewa wane ya yi tafiya. Saboda haka a kwana yake tsayawa, ya zare makullin babur shi kaɗai, ya jefa sauran a aljihu, ya turo babur ɗin.

Tajudeen ya kwance fulogi, ya manna shi a jikin inji, ya buga kik. Wuta shuɗiya, lafiya lau. Duk da haka ya sa sabo, ya hau ya zagaya, babur yana tafiya kamar an shafa masa mai. Malam ya karɓa, ya tsaya a kwana ya mayar da makullansa, kafin ya kai titi babur ya yi harbi uku.

Ran Talata aka canza hular fulogi da kwayil. Ran Laraba aka wanke kafireta, aka zuƙe fetur aka duba ko da ruwa a ciki. Babu. Kullum babur lafiya a hannun Tajudeen, kullum tari a hannun mai shi. 'Yan rumfa suka yanke hukunci cewa babur ya gaji da Malam ne kawai. Malam ya ce sun yi shekara goma sha tara shi bai taɓa zagin babur ɗin ba.

Ran Alhamis Tajudeen ya ajiye sifana.

"Baba, yau kai za ka tuƙa, ni in zauna baya. Ina so in ga abin da kake yi ma moto ɗin nan."

Malam ya ce to, amma a jira shi ya je kwana ya dawo. Tajudeen ya ce ƙafarsa ƙafar Malam. Da ya ga ba yadda zai yi, Malam ya juya baya ga 'yan rumfa, ya zaro damin makullan ya haɗa.

"Ei, Baba," in ji Tajudeen. "Gidan yari kake gadi?"

"Amana ce, yaro. Kau da kai."

Suka hau. Ramin farko da suka faɗa, damin ya yi lilo, babur ya shaƙe, salansa ya harba. Tajudeen ya miƙo hannu ta ƙarƙashin hammatar Malam ya tallafe makullan. Babur ya washe. Ya saki, babur ya harba. Ya sake riƙewa, shiru. Haka suka ratsa Maamobi har bakin kasuwa, fita rungume da dattijo, dattijo yana faɗa masa ya sassauta, mutane na kallo.

Bayanin bai da tsawo. Nauyin makullan ya cinye cikin makunnin da ake zura makulli a tada babur, in suka yi lilo sai wuta ta yanke ta dawo, fetur ɗin da bai ƙone ba ya je ya fashe a salansa. Tajudeen ya sa sabon makunni, ya ce makulli ɗaya tak ya halatta a kansa. Malam ya tambaya ko za a yi wa na firjin Lamisi alfarma, tunda ƙarami ne. Aka ce a'a.

Ran Juma'a Hajiya Muniratu ta sa ya zagaya layin sau uku tana tsaye a ƙofa. Babur bai ce uffan ba. Ta shiga ta ɗinka wa makullan jaka mai igiya, ta rataya masa a wuya.

Sai dai yanzu ba a jin isowarsa. Sau biyu yana sallama a tsakar gida mata na rububin neman mayafi, Lamisi kuma ta kwana ba firji don ya wuce ba ta sani ba. Malam ya koma ya tambayi Tajudeen makulli nawa za a mayar a samu harbi ɗaya kacal a kwanar masallaci. Tajudeen ya ce zai tambayi Hajiya. Malam ya ce a bar maganar.

Jiya ya ɗaura wa babur hon na roba, irin na masu sayar da yogot a keke. Ya fita rabon goron wani ɗaurin aure a Accra New Town, yana matsawa, yara na fitowa da gudu daga kowane lungu, shi kuma yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.