Wadda Ta Shayar Min Da Ɗa a Filin Wasa

A takarda ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata ta kwana da ke bakin garin Dutse. A bakin ɗalibai kuwa sunana mai usur, kuma ba su yi min ƙarya ba, ko masallacin makaranta zan shiga usur na rataye a wuyana. A shekarar da aka fara maganar shari'a a jiharmu na haifi ɗana na fari. Da bazara ta kama, yaron ko zama bai fara ba, aka sa gasar guje-guje ta makarantun 'yan mata a filin wasa na Dutse.

Surukata tana gidanmu a lokacin. Bafulatana ce daga wajen Buji, Inna muke ce mata. Wankan jego ya kawo ta, aka gama wanka ta ga gidan ya yi mata, ta ci gaba da zama. Da safen ranar ta same ni ina ɗaura goyo a kan rigar wasanni, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ina za ki kai jinjiri cikin wannan rana? Filin ƙwallo ai wurin 'yan tasha ne."

"Inna, ba ƙwallo ba ce, gudu ne. Kuma mata ne zalla."

"To gudun da shi za ki yi? Bar min shi in dama masa kunu."

Na ƙi. Na ce a asibiti an hana a ba shi komai sai nono. Gaskiya ne an hana, amma har da taurin kaina a ciki. Na san ina juya baya za ta ɗura masa man shanu, kuma ina so in nuna mata cewa mace tana iya riƙe aiki da ɗa a rana ɗaya ba tare da sama ta faɗo ba. Ga shi na shafe zango guda ina horar da yarana huɗu gudun miƙa sanda, na riga na ga kofin a kan teburin shugabar makaranta.

Mata zalla ɗin da na faɗa rabin gaskiya ce. Alƙalan wasa maza ne, 'yan sanda maza, manyan baƙi ma maza, su ne kuma suka zauna a inda akwai rufin kwano. Mu mata aka ja igiya aka ware mu gefe guda, a kan matakalar siminti da rana ta gasa tun hantsi. Yaran suna gudu cikin dogon wando da ƙaramin hijabi, gumi na tsiyaya. Na shayar da yaron a cikin motar makaranta kafin mu shiga, na ce wannan zai kai shi azahar.

Bai kai shi ba. Tun kafin rana ta take ya fara mutsu-mutsu yana goga baki a bayana. Ba wanda zai ce min uffan da na zauna na sa shi cikin hijabi, mata suna yi a mota, suna yi a kasuwa. Amma ɗalibaina suna kewaye da ni, kuma ɗan fari ne, an raine ni a kan cewa ba a rawar jiki a kan ɗan fari a gaban jama'a, ko sunansa ba na kamawa. Sai na yi ta jijjiga shi ina cewa bari a ɗan rage. Ana haka lasifika ta kira masu miƙa sanda.

Kusa da ni akwai wata mata siririya, ta girme ni, da shuɗin hijabi da ya sha wanki. Tun safe ban ji ta yi ihu ko tafi ba. Duk sanda na waiga sai in ga idonta a kan goyona. Na kwance shi na ce, "Baiwar Allah, don Allah riƙe min shi, yanzu zan dawo." Kafin in rufe baki ta miƙo hannu biyu.

Yanzun nan tawa ta yi tsawo. Aka yi zagayen share fage muka wuce. Sai rigima ta tashi a kan layin da aka ba yarana, na tsaya ina sa-in-sa da wani alƙalin wasa mai tumbi wanda ko kaza ba zai iya kamawa ba. Ina cikin masifa na ji kukan. Filin cike yake da hayaniya da ganguna, amma uwa ba ta ɓatan kukan ɗanta. Nono ya zubo min har ya jiƙa riga. Na ja hijabi na rufe, na ci gaba da nuna wa mutumin yatsa. Na gaya wa kaina kunyar ɗan fari ce ta hana ni rugawa. Ƙarya nake yi, kofi nake so. Can kukan ya ɗauke, na ji daɗi, na ce ya yi barci.

Na biyu muka zo. Wata doguwar yarinya daga wata makarantar wajen Buji ta sha gaban tawa daf da layin ƙarshe. Na hau matakala raina a ɓace, ƙirjina ya yi tam kamar zai fashe. Na tarar da matar ta sunkuya, ta lulluɓe da hijabi, ƙafafun ɗana ne kawai a waje. Yatsun ƙafarsa suna naɗewa suna buɗewa. Na san lokacin da yake yin haka.

Ban san sanda na fizge shi ba.

"Wa ya sa ki? Riƙe shi na ce ki yi! Riƙewa!"

Ta shiga gyara rigarta da sauri, ta ce a hankali, "Kuka yake ta yi, Malama, har ya fara shiɗewa."

Ban saurare ta ba. Na kama gefen hijabina na goge masa baki, na sa yatsa na goge har cikin dasashi, a gabanta, a gaban matan da suka juyo suna kallo. Abin da ke kaina kawai shi ne ban san ta ba, ban san ciwon da take ɗauke da shi ba, ban san ranar da ta yi wanka ba. Na saɓa shi a kafaɗa na sauka. Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi garinsu ba, ko sannu ban yi mata ba.

Da la'asar muna gida na ba shi nono ya kawar da kai, cikinsa fam, yana ta wasa da ƙafa. Inna ba ta da aikin da ya wuce kallon jikanta, nan take ta gane.

"Me kika ba shi a can?"

Na kwashe labari na faɗa mata, har ina ƙara gishiri, ina jiran ta taya ni zagin matar. Ta bari na gama sannan ta ce, "'Yar gidan wa ce?"

"Ina zan sani, Inna?"

"Garinsu fa?"

Na ce shi ma ban tambaya ba. Ta saki salati ta ɗora hannu a ka. Maigidana ya fito daga ɗaki, aka maimaita masa. Shi ba mai faɗa ba ne, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Zama ya yi a bakin tabarma ya ce a abin da aka karantar da mu ko tsotso ɗaya ne, in dai ya isa cikin jinjiri, matar ta zama uwarsa. Duk 'ya'yan da ta haifa da waɗanda za ta haifa 'yan uwansa ne, ba aure tsakaninsu. In ba mu san ta ba, wata rana yaron nan zai iya kawo ƙanwarsa ya ce ita yake so, mu kai goro, a ɗaura, ba wanda ya sani.

Na san wannan. Tun muna islamiyya na san shi. Amma a kan matakalar nan ko kaɗan bai zo min ba, ƙyanƙyami ne ya cika min kai.

Inna ta ce, "Kin je kin samo wa jikana uwa, kin yar da ita a hanya."

Daga ranar na daina jin daɗin shayarwa. Da na sa shi a ƙirji sai in ga matar tana gyara riga. Na bi malaman makarantun da suka zo gasar ɗaya bayan ɗaya, wasu na aika musu saƙo ta direbobin tasha. Abin dariya ne ma yadda nake kwatance: siririya, shuɗin hijabi. Wata malama daga Ringim ta ce min rabin matan Jigawa kenan. Na fara fitar da rai, sai wata da muka yi kwaleji tare ta zo Dutse karɓar takardu ta biyo ta gidanmu. Tana ji ta ce ai ta san ta, ita a makarantar wajen Buji take koyarwa, a motarsu matar ta zo. Uwar doguwar yarinyar nan ce da ta kayar da mu.

Ruwan farko ya sauka sanda muka tafi, ni da Inna da yaron. Mota ta ajiye mu a Buji, muka hau wata a-kori-kura zuwa wani ƙauye, sauran muka taka a ƙasa, mutane duk suna gona suna shuka. Na riƙe turmin atamfa da sabulu da goro. Tun daga gida nake tsara ban haƙurin da zan ba ta, na gyara nan na gyara can kamar mai shirin jawabin ranar iyaye.

Mijin matar ya tare mu a ƙofar gida ya sa aka shigar da mu. Tana tsakar gida tana tankaɗe. Tana ganina ta gane ni, ta miƙe tsaye rariya a hannu, na ga tsoro a fuskarta. Ni ta ji tsoro. Ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakinta, ta kawo fura. Ita da Inna suka shiga gaisuwa da Fillanci, doguwar gaisuwar nan da ba a katse ta, ni ina zaune kamar an dasa ni. Da suka gama Inna ta juya Hausa saboda ni.

"Ba faɗa ya kawo mu ba, 'yar nan. Yaron nan ya sha nononki, ya zama naki. Mun zo mu san 'yan uwansa."

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta fara lissafa su da yatsu: babbar mai gudu, maza biyu suna wajen shanu, sai wata ƙarama da ta leƙo ta gudu. Ta tsaya a kan babban yatsa ta riƙe shi.

"Sai autan. Shi ya koma."

Inna ta ce, "Allahu akbar. Yaushe?"

Ta ce ana saura 'yan kwanaki a yi gudun. Zazzaɓi ne, kwana biyu ya yi. Sa'an ɗana ne, ko ya ɗan girme shi kaɗan. Ta ce bayan an yi sadakar bakwai ta kasa zaman ɗakin, sai maigidan ya ce ta bi motar makaranta ta je ta ga gudun 'yarta ko ta sha iska. Nonon kuwa ya ƙi tsayawa, da zane take ɗaure ƙirjinta, dare da rana yana mata zogi.

"Da naki ya yi ta kuka sai suka zubo. Na duba ko za ki taho, na ga kina can nesa. Ban yi shawara da kowa ba. Na san ban kyauta ba, Malama. Ki yafe min."

Duk jawabin da na tsara ya gudu. Ni da nake tsayar da yara ɗari da tsawa ɗaya, na zauna ina kallon ƙwaryar fura, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ce ta ce mata, "Ke za ki yafe, ba ita ba." Da ƙyar na iya cewa, "Don Allah, Yaya." Iyakar abin da na faɗa kenan, kuma bai isa ba.

Na kwance goyon na miƙa mata shi. Wannan karon ba ta yi saurin miƙo hannu ba, sai da ta dubi Inna, Inna ta gyaɗa kai. Ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta shafa kansa, ta buɗe tafin hannunsa tana dubawa, ta ce ya yi ƙiba, Allah Ya raya. Ya yi mata dariya. Jim kaɗan yunwar tafiya ta taso masa, ya juya ya fara cusa kai a ƙirjinta yana nema. Ta bar shi ya nema na ɗan lokaci. Sannan ta ɗago shi.

"Ba komai yanzu, ɗan nan. Ya ƙafe."

Ta miƙo min shi yana tsala kuka. Na karɓa na riƙe shi a kafaɗa ina jijjigawa. Rigata ta fara jiƙewa, amma na kasa ɗaga ta a ɗakin nan, a kan tabarmar matar nan, a gaban idonta. Kukan ya yi ta ƙaruwa. Inna ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Matar ta ce, "Ba shi mana, Malama. Kar ki bar shi yana kuka saboda ni."

Ta gyara zama ta juya fuskarta ga bango. Na sa shi a nono, ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyarsa. Ba ta juyo ba har ya ƙoshi.