Tantin da Tela Ya Ɗinka

Shekara arba'in Tela ya yi yana taka keke a shago ɗaya, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara, bai taɓa kwana inda babu rufi ba. Sai ga autarsa, wadda ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa, ta ce kafin ta tashi tana so su yi tafiyar ƙafa ta kwana uku cikin duwatsu, daga ita sai shi. Daren farko za su yada zango a gindin dutse, inda hanyar mota ta ƙare. Sharaɗinta ɗaya ne: idan ya jiƙe a wannan kwanan, da ƙirjin nan nasa mai tari, da safe gida za su juyo.

Ta ce za ta aro tanti. Tela ya ji kamar an zage shi. 'Yar tela guda da aron ɗinki! Ya samo yadin da ruwa ba ya ratsawa, ya auna tsawon jikinsa da nata, ya zuba ɗinki ƙanana-ƙanana reras, irin wanda yake wa manyan riguna.

Ana saura kwana biyu ya kafa tantin a tsakar gida, ya sa matarsa a ciki, ya sakar wa tantin ruwa da tiyo. Ba a jima ba ta fito tana matse ɗankwali, ta ce in rariya ya yi niyyar ɗinkawa, to ya gwanance. Ashe duk inda allura ta huda, ruwa ya samu ƙofa.

Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ba tantin yake ji ba, kwana ukun nan yake tsoron rasawa. Ya rufe shago, ya narkar da kyandir a gwangwani, ya bi ɗinkin kaf da tsohon burushi har yatsunsa suka yi bororo. Auta kuwa ya ɓoye mata zancen.

Suka kwana a gindin dutse, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye Auta ta shafa bargonsa, ta shafa kusurwa huɗu na tantin, ta shinshina yatsunta. Tela ya yi tsuru-tsuru.

"Baba, tantin nan warin kyandir yake yi."

"A bushe yake, ko ba a bushe ba?"

Ta yi dariya, ta miƙa masa jakarsa. Tela ya sauke doguwar ajiyar zuciya, daɗi ya cika shi. Ya saɓa jakar, ya ɗaure takalmi, ya shiga gabanta, alhali ko hanyar bai sani ba.