Kunnen Mama Rhoda

Shekara ashirin da biyu Mama Rhoda ta yi a gaban injin saƙa, a wata masaƙa da ke Kakuri. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba, kada ma ya ce ya san ƙara. Ko ihu ka kurma, na kusa da kai ba zai ji ba, shi ya sa ma'aikata suka koyi hira da leɓe kawai. Rhoda kuwa ta fi kowa iyawa, har gulmar manaja take tsinta daga ƙarshen layi.

Gwanintar nan ce ta cuce ta. Masaƙa ta rufe, ta koma Romi tana suyar ƙosai, kunne yana mutuwa a hankali ba ta sani ba, tunda ido na yi mata aikinsa. Abu ɗaya ya rage mata mai daɗi a duniya: ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu. Ta ɗaga, mata arba'in su amsa.

Da 'yarta Becky ta ja ta asibiti, likita ya rubuta wata kalmar Turanci a kati, wai "limited".

"Me ke nan?" in ji Rhoda.

"Wai jinki yana da iyaka, Mama."

"To, iyaka ya ce. Bai ce ya ƙare ba."

Ta riƙe kalmar nan gam, baiwar Allah, duk wanda ya tambaya ita take faɗa masa.

Ranar Lahadin godiyar kaka ta fito gaba, matan na bayanta, ta rufe ido ta ɗaga waƙa. Ta yi wa masu kiɗan tulu nisa. Suka bi ta, suka kasa, suka tsaya. Mata ma suka yi tsit. Ita kaɗai ta ci gaba har baiti uku, sai da shugabarsu Martha ta zo ta taɓa mata kafaɗa. Kunya ta kusa kashe ta.

Bayan an tashi Martha ta riƙe hannunta ta ce, "Mama, ki huta haka. Abigail za ta riƙa ɗagawa."

Lahadi ta zagayo, ta ɗaura zanen zumunta, ta taka har bakin coci. Ta daɗe tsaye tana kasa kunne, ta rasa ko an fara waƙa ko ba a fara ba. Sai ta juya gida.