Buhunan da Baba Labbo Ya Bari a Sito

Ranar Talata, 12 ga Mayu, 1998, a tsakiyar watan Muharram, Allah ya karɓi ran Malam Labbo Wanke a gidansa da ke Sabon Gari, Gusau, bayan tarin da ya daɗe yana fama da shi. Mu na Allah ne, kuma can za mu koma. Labarin ya same ni a layin mai, kwanana biyu ina gadin motar ƙungiyarmu ta direbobi, ko lita ɗaya ban gani ba. Na bar ta nan na bi ɗan acaɓa, na iske har an ɗaga ka, Baba. Da ƙyar na samu sallah.

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Na gaji ne, kuma akwai abin da ka bar mana wanda sai shekaranjiya muka sauke shi: buhu saba'in da ɗaya na irin shukar mutane a sitonmu, ga damina ta kawo jiki, ba kuma wanda ya san mai kowane buhu sai kai.

Ga wanda bai san ka ba, shekara ashirin da biyu ka yi kana akawun kaya a tashar jirgin ƙasa. Da jirgi ya yi wuyar gani, ka koma tashar mota ka tara direbobi, aka kafa ƙungiyar masu dakon amfanin gona, wadda ni Mannir nake magatakardarta. Da aka ba mu jiha, Gusau ta cika da motocin siminti da rodi da kwanon rufi. Kai ka tsaya kai da fata cewa motar da ta sauke kaya ba za ta koma wayam ba. Ka san wanda ya sussuke dawa a Tsafe, ka san wanda gyaɗarsa ke jiran mota a Bungudu, duk ba waya ba takarda. Direba ya sauke siminti yana karkaɗe riga, sai ka ce masa ya bi ta wuri kaza, buhu goma sha biyu na jiransa gindin tsamiya. Ya je kuma ya same su.

Sito ma shawararka ce. Bayan kaka manoman ƙauyuka kan kawo irin shukarsu mu adana, saboda daɓen siminti ne kuma ana sa magani, kafin ruwa ya sauka mu mayar wa kowa nasa. Manomi bai yarda da irin wani ba, don ya san ƙasarsa, ya san abin da take karɓa. Ba wanda ke rubuta suna. Kowane gida da shaidarsa: wani tsumman shuɗi a kunnen buhu, wani ƙulli uku a igiya, wani zanen gawayi, Fulani kuma su sa irin shaidar shanunsu. Duk suna kanka.

Ni kuwa na fito makaranta da zafina, na ga wannan ƙauyanci ne. Bara ni na matsa wa ƙungiya aka sayo sababbin buhunan leda iri ɗaya, na sa aka juye kayan mutane ciki, na zana wa kowane lamba, tsofaffin buhunan aka bai wa masu gawayi. Ka kalle ni kawai ka ce, "Magatakarda, a yi dai a hankali." 'Yan dako suka jibga wani kan wani, leda ta goga leda, kafin wata uku lambobin sun goge tas. Ranar da na gane, wurinka na nufa.

Ka shimfiɗa tabarma a bakin sito, ka sa ana kwance buhu ɗaya bayan ɗaya. Ka damƙi wake ka shinshina ka ce na gidan Muhammad Sani ne a Wonaka, su ke gauraya shi da barkono. Wani ka ce na mutanen Tsafe ne, toka suke sawa. Wani ka gane shi da tsakuwar masussuka. Kwana uku kana wannan aiki cikin ƙura da warin magani, kana tari har kana riƙe ƙirji. Likita ya ce ciwonka ya girmi wannan rana. Na ji, amma zuciyata ba ta taɓa sakina ba. Da ƙungiya ta so ta kore ni, kai ka hana. Ka ce, "Ku bar shi. Lamba na nan tahe ko muna so ko ba mu so. Tawada ta ba ta da kyau."

Bana muka koma tsofaffin shaidu. Sau nawa ka ce in zo in zauna ka karanta mini su in zana a littafi? Kullum ina da uzuri. Yau taro a sakatariya, gobe neman layin tarho, jibi layin mai. Na ɗauka kana nan.

Bayan addu'ar uku muka buɗe sito muka tsaya muna kallon buhuna, hadari na haɗuwa a gabas. Idan ruwa ya yi biyu, hanyar Wonaka ta yanke, iri ya kwana Gusau, mutum ya rasa shekararsa. Na fara maganar a kafa kwamiti. Lawali direba, wanda ya fi kowa daɗewa tare da kai, ya katse ni. "Haba Magatakarda, wane kwamiti? Mu ba mu san su ba, amma masu su sun san abinsu. A ɗora duka a kai musu."

Na ce idan wani ya ɗauki na wani fa? Ya ce, "Kayan da Baba Labbo ya aje? Wa za shi soma?"

Direbobi suka tsiyayo man da ya rage a tankunansu, galan ɗaya nan biyu can, aka haɗa wa motar Lawali. Kwana huɗu muna yawo. Kowane ƙauye mu sauke duka a ƙofar masallaci, mutane su zo su duba, mu sake lodawa. Bayana har yanzu bai miƙe ba. Wasu a nan suka fara jin rasuwarka. Wani tsohon Bafillace a bayan Bungudu ya dafa buhunsa ya zauna a kai, ya daɗe bai tashi ba. Ba a yi musu ko sau ɗaya ba, ba wanda ya taɓa abin da ba nasa ba. Mun fito Wonaka yayyafi na bin mu.

Saura buhu ɗaya. Dawa ce kaura, an ɗinke bakin da jan zare. Mun nuna shi ko'ina, kowa ya ce ba nasa ba ne. Muka dawo da shi Gusau a gajiye, muka biya gidanka mu shaida wa Inna Lantana, matarka, cewa an sauke nauyi. Ta leƙo zaure ta hango shi a bayan mota. Ta ce, "Wanga ai nashi na. Ni niɗ ɗunke bakin." Ta ce kun gama magana bana za ka aje aikin tasha, ku koma Wanke ka noma gonar mahaifinka, ka gaji da hayaniya. Ba wanda ka faɗa wa a cikinmu, don ba ka ga wanda za ka bar wa sito ba.

Wanda ya kamata ka bar wa ni ne, Baba. Ka yafe mini.

Jiya Lawali ya kai buhun Wanke. Gonar ko sharar fage ba a yi mata ba, amma direbobi sun ce ranar Asabar za su je da fartanya, ni ma zan bi su.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Lantana, da 'ya'yanka Bala da Huseina, da mutanen Wanke, da duk manomin da ya taɓa ɗaura tsumma a buhu ya tafi gida hankali kwance. Allah ya jiƙan ka, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka. Allah ya sa dakon da ka yi wa bayinsa ya yi maka nauyi a mizani. Hutun da ba mu bar ka ka yi ba a nan, Allah ya ba ka shi a Aljanna. Mu da muka saura, idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Mannir Aliyu Bungudu