Ƙarfen Bariki a Ƙarƙashin Tukunya

Akwai ranar da ko na so mantawa da ita ba za ta ƙyale ni ba har in koma ga Mahaliccina. Ita ce ranar sunan ɗan yayana na fari, ranar da tsohon barikin soja da ke bayan garinmu ya ci mana rai, alhali sojojin da suka zauna cikinsa sun daɗe da zama ƙasa.

Garinmu yana cikin Damargu, tsakanin Tanut da Gangara, barikin kuma yana kan wani tudu arewa da gari. Tun muna yara kango muka tarar da shi, dogayen ɗakuna babu rufi, sai wata doguwar mangaza, wato ɗakin ajiya, mara taga da awaki ke fakewa a ciki. Kakanmu na wajen uba shi ya san tushensa, don da wuyansa aka gina shi. Ya ce lokacin babban yaƙin Nasara aka bi ƙauyuka ana kama samari aikin dole, wasu su kwaɓa ƙasa, wasu su ɗauko ruwa. Da aka gama gini aka ɗora wa kowane gida gero, ko damina ta yi ko ba ta yi ba, a kai mangaza, daga nan raƙuma da manyan motoci su wuce da shi arewa wajen sojoji. A shekarar da mangaza ta cika har baki, in ji shi, a shekarar ƙanensa ya mutu da yunwa. Da yaƙi ya ƙare aka kwashe sojojin. An ɗan tara gyaɗa a wurin, an raba tsabar taimako a shekarun fari, daga baya aka watsar da shi.

Mu kuwa mutanen gari muna da maganarmu: bariki ya ci mu, yanzu mu ke cin sa. Duk abin da mutum ya ɗauko daga can ba a kiransa sata, ladan wahalar iyaye ne. Ƙyauren zaurenmu daga can ya zo. Ƙarfen da ake bugawa a lakwal don yara su shiga aji daga can ne, haka komin da ake shayar da dabbobi a bakin rijiya. Ƙarfen bariki ba ya cin amana, haka kowa ya yarda.

A shekarar da nake ba ku labari an yi wani ruwa mai ƙarfi da ya zabtare bayan mangazar. Sai ga waɗansu ƙarafa sun fito daga ƙasa, masu nauyi, tsayinsu kamar kamu ɗaya, kai a tsuke, gindi a faɗaɗe, tsatsa ta rufe su ruf. A daidai lokacin matar yayana ta haihu bayan doguwar jira da baƙar naƙuda, ni kuma na zo daga gidan mijina don suna.

Gwaggonmu, ƙanwar babanmu, ita ce uwar girki a duk wani taro na dangi. Mace ce gajera mai faɗan tsiya da hannun kyauta, za ta zage ka tas sannan ta cusa maka ƙashin miya. Wanda ya san ƙasarmu ya san rairayi ce, dutse sai an tafi nema. Da curin laka muke kafa murhu, shi kuwa in an ɗora masa babbar tukunyar biki sai ya farfashe. Gwaggo ta yi ta mita a kan haka har yayana ya ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, zan kawo maki murhun da jikokinki za su gada." Ya ɗaura jaki a amalanke ya kwaso ƙarafan nan guda huɗu. Aka kafa uku a tsakar gida, dab da ƙofar ɗakin mai jego, aka jingine ɗaya a bakin zaure. Gwaggo ta ɗora tukunya a kansu, ta girgiza, ko motsi ba ta yi ba. Ta sa wa yayana albarka har sai da ya ji kunya.

Da safe aka raɗa suna, aka yanka rago, wuta kuwa tun da sanyin safiya take ci. Wajen hantsi gida ya cika da mata da yara. Kaka, wanda a lokacin idonsa ya tafi, ya ce in shigo da shi ya yi wa mai jego barka. Ina riƙe da hannunsa yana tsokanata kamar kullum, wai amaryarsa ta gudu ta auri yaro ta bar shi. Muna fitowa daga zaure sandarsa ta bugi ƙarfen da aka jingine. Ya tsaya.

"Mine ne wannan?"

"Ƙarfen bariki ne, Kaka."

Ya durƙusa ya shafa shi tun daga gindi har kai. Da yatsunsa suka iso tsinin, sai ya janye su da sauri.

"Shi kaɗai ne?"

"Huɗu ne. Ukun suna ƙarƙashin tukunya."

Ban taɓa sanin akwai sauran irin wannan murya a ƙirjin tsohon nan ba. "Ku hita! Ku hita da yara! Harsashin igwa ne, wuta ce a cikinsa!"

Abin da har yau yake ci mini rai, dariya aka fara yi. Wata ta ce tsufa ya motsa. Gwaggo ta ɗago da muciya a hannu ta ce, "Haba Baba, ƙarfen da ya girme ni? In da rai gare shi ai da tuni ya yi magana."

"Ni na ɗauke su da kaina!" in ji Kaka, yana dukan ƙasa da sanda. "Na ga wanda ɗaya ta tashi da shi, a tabarma muka tattara shi. Don Allah ɗiyata, ki hita!"

Jin ya haɗa ta da Allah, ga hawaye a idon da ba ya gani, sai fuskar Gwaggo ta sauya. Ta jefar da muciya ta shiga korar yara da duka da zagi. Gida ya rikice, kowa na neman ƙofa ɗaya. Wani ya ja Kaka waje. Ni na ruga ɗakin mai jego na sunkuci jariri, yayana ya biyo ni don ya ɗauko matarsa, domin ko tsayuwa sosai ba ta iya yi. Ba wata hanyar fita sai ta gefen murhun. Da na wuce, zafin wutar ya dake ni a ƙafa, na ga ƙarafan sun yi baƙi ƙirin suna wani ƙara ƙas-ƙas.

Gwaggo tana tsaye a wurin tana janye itace da hannu. Na ce, "Gwaggo, taho mu tahi!" Ta ce, "Wuce da yaron nan, ke! Sai uwarsa ta hita." Macen da ta shekara tana girki ba ta san a bar wuta tana ci a gudu ba, abin da ta sani shi ne a kashe ta. Na waiwaya daga bakin zaure na ga yayana ya wuce ta da matarsa a kafaɗa, ita kuma ta ɗaga tulu za ta kwara ruwa.

Ban ji ƙara ba, ni dai na ga kaina a ƙasa a ƙofar gida, na dunƙule a kan jariri, ƙasa na zubo mana, kunnuwana na kuka. Da na ɗago, katangar tsakar gida babu ita. Yayana ya rarrafo daga zaure jini na bin wuyansa, matarsa na salati. Shi ya rayu, amma kunnensa na dama bai sake ji ba. Gwaggo kuwa ba zan faɗi yadda aka same ta ba. Matan da suka zo cin tuwon suna su suka yi mata sutura, tabarmin da aka shimfiɗa don barka a kansu aka karɓi gaisuwa.

Jandarmomi suka zo daga Tanut, bayansu sojoji. Suka tona bayan mangazar suka yi ta fito da irin ƙarafan nan, wasu har da ruɓaɓɓun akwatunansu, suka kai su daji suka tayar da su. Muna cikin gari ƙasa na rawa a ƙarƙashinmu. A kan wannan tudun muka yi wasan ɓuya muna yara, a kansa 'ya'yanmu suke kiwo. Na tambayi wani soja ko ruwan da Gwaggo ta zuba ne ya jawo, ya ce ba wanda zai iya sani, zafin da suka sha ma ya isa.

Kaka bai ƙara shekara ba. Wata rana ina ba shi fura ya ture kwanon ya ce, "Kullum labarin gero nake ba ku, don shi ake iya faɗa. Na akwatunan na bar shi a cikina, ban so ku san abin da idona ya gani. Ga shi na ɓoye maku, ya hito ta tsakar gidana." Kuka kawai muka yi.

Yaron da na sunkuta ran nan yanzu ya zama saurayi, kuma na zaunar da shi da ƙannensa na gaya musu komai, har abin da ban iya rubutawa a nan ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, yaƙi ba ya ƙarewa ranar da soja ya tafi, abin da aka ƙera don kisa kuma tsatsa ba ta sa shi tuba. In tsoho ya san wani mugun abu game da ƙasar da jikokinsa ke takawa, ya daure ya faɗa duka komai ɗacinsa, domin rabin da ya haɗiye shi ne wata rana za a ɗora wa tukunya.