Gwiwar Hagu da Ranar Firidom

Shekara goma sha tara na yi ina acaba a Kafanchan. Na ɗauki ɗaliban kwalejin Gidan Waya da akwatunansu, na ɗauki buhunan citta daga Fadan Kagoma, har akuya mai ciki na taɓa goyawa. Wata ranar Talata da damina taya ta zame a laka, mashin ya danne mini ƙafar hagu. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu. Ƙashi ya haɗe, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa sai rabi. Acaba ta ƙare ke nan. Ina da shekara arba'in da bakwai, da mata, da yara huɗu, da takardar firamare.

Ta firamare kawai, don ina aji biyu a sakandare babanmu ya cire ni. Ya ce gonar citta ba za ta ɗauki karatun mutum biyu ba, a bar yayana ya ƙarasa. Ya kuwa ƙarasa, ya zama hedimasta, ya zama dattijon ikilisiya. Ni na zama wanda ake kira idan za a kai masa buhun masara gida. Ban manta ba, kuma ba na yin kamar na manta.

Matata ce ta kawo maganar koyon kafinta. Ɗan wata ƙawarta ta zumuntar matan coci yana da shagon kafinta a bayan kasuwa. Na san shi tun yana yawo ba wando, na sha kai shi makaranta a kan tankin mashin. Yanzu ya girma, yana da gemu, da mutane biyar a ƙarƙashinsa. Ranar da na je ya tashi ya ba ni kujera, sannan ya ce, "Kawu, a waje kai kawuna ne. Amma a cikin shagon nan, wanda ya riga shigowa shi ne babba."

Na ce, "Na ji, Oga." Tun daga ranar haka nake kiransa.

Wata shida ban taɓa zarto ba. Shara, ɗaukar katako, goge katako da samfefa har tafin hannuna ya yi santsi kamar na malamin ofis. Abokan acaba idan sun wuce sai su matsa ham su ce, "Ɗalibi, an tashi daga makaranta?" Sai in ci gaba da sharata.

Oga yana da hali ɗaya: ya tsani ƙusa. Yana amfani da ita a rufin gida don dole, amma a kujera ko tebur, sai dai ka huda wannan katako da cizal, ka fere wa wancan harshe, ka shigar su kama juna. Idan ka gama zai ɗaga abin sama ya sake shi ƙasa, ya zauna a kai ya girgiza. In ya ji ƙara ko kaɗan, sai ya miƙa maka guduma ka wargaza da hannunka. Kujera bakwai na wargaza kafin ta takwas ta yi shiru. Ba zan yi ƙarya ba, yaron ya san aikinsa.

Bayan shekara uku aka zo maganar firidom, wato bikin yaye mai koyo. Idan ba a yi maka ba, kafintocin gari ba za su bari ka kafa ko rumfa da sunanka ba. Yadda ake yi kuwa, za ka kawo aiki ɗaya da ka yi da hannunka, babu ƙusa. A tara danginka da fasto da sauran kafintoci. Sai ka durƙusa a gaban oganka, ya buga maka rula sau uku a baya, dukan ƙarshe ke nan, ya yi maka addu'a, ya ba ka zarto da guduma da takarda.

Yayana ya ji labari ya zo gida da kansa, abin da bai saba ba. Ya ƙi zama.

"Ashe gaskiya ne? Ɗan babanmu zai durƙusa wa yaron da ya goya a mashin, a gaban jama'a?"

"Yaya, da an bar ni na gama makaranta, da yau ba mu wannan magana."

"Har yanzu kana nan a kan wannan? Zo in sama maka gadi a makaranta. Ba durƙuso, ba bulala."

"In riƙa buɗe maka ƙofa ina sara maka?"

Ya kaɗa kai ya fita. Matata tana tankaɗen acca a bakin kicin, ta ji komai. Ta ce, "Baban yara, shekara uku kana shan ƙurar katako. Minti biyar ne zai gagare ka?"

Gaskiyar magana, ni ma ba na son durƙuson. Kuma ina da hujja a ƙafata, ko a coci idan an ce a durƙusa zama nake yi. Na je wurin Oga ina shirin kawo maganar gwiwa, sai ya riga ni. Ya ce, "Kawu, ranar nan ka zauna a kujera kawai. Kowa ya san ƙafarka, ba wanda zai ce komai."

Abin mamaki, wannan ya fi maganar yayana ƙona mini rai. Na san garin nan. Shekara goma nan gaba, idan ƙofar da na yi ta ɗan cije, za a ce ai dama firidom ɗin tausayi aka ba shi, a zaune ya karɓa. An taɓa ba ni rabin makaranta. Ba zan karɓi rabin wannan ba.

Da tebur na shirya kawowa ranar bikin. Na ce, "Oga, na fasa tebur. Wani abu zan kawo."

Na samo katakon maɗaci na fara abin durƙuso, ɗan bencin da ake ɗora gwiwa a kai. Na farko ya lalace, don na auna shi kamar na mai gwiwa biyu lafiyayyu. Da na hau, zafi ya harba mini har ƙugu. Na wargaza. Na biyu, sai na jera buhunan masara a tsakar gida na jingina ƙafar a kai har na sami inda take yarda ta tsaya, matata ta riƙe tef tana sa alama da fensir a jikin bango tana dariya. Gefen dama ya fito ƙasa-ƙasa. Gefen hagu ya fi tudu, a karkace, ya tallafi ƙwauri. Na yi masa mariƙi a gaba don tashi, na sa soso na rufe da leda.

Ranar Asabar aka taru a gaban shago. Yayana bai zo ba. Oga ya ɗaga abin ya saki ƙasa. Ya juya shi yana neman kan ƙusa, bai gani ba. Ya hau ya girgiza, shiru. Sai ya ce, "Amma wannan gefe ya fi wancan tsawo."

Na ce, "Ba don kai aka yi ba, Oga."

Aka kwashe da dariya har da fasto. Na kama mariƙi na sauka a hankali, gwiwar dama ta taɓa soso, ta hagu ta kwanta inda aka auna mata. Oga ya ɗaga rula ya tsaya. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kawu, ka yi haƙuri."

"Buga mana, ƙafa tana ciwo."

Ya buga uku. Ta ukun ya ɗan ƙara ƙarfi, na lura.

Yanzu rumfata tana ƙarƙashin wani mangwaro kusa da gida. Na so a san ni da gado da ƙofa, amma abin durƙuso ake zuwa nema. Tsofaffin mata masu sanyin ƙashi, da wani coci daga can wajen Kauru. Kowane sai na auna mai shi, don ban taɓa ganin gwiwa biyu da suka lalace iri ɗaya ba.

Bara ƙafafun yayana suka fara kumburi. Dattijon ikilisiya ne, a gaba yake zama, kowa yana ganin ya daina durƙusawa. Matarsa ta zo ta ce in yi masa ɗaya, a aika masa. Na ce mata ba a yin sa daga nesa, sai ya zo nan ya durƙusa in auna. Ta ce, "Haba, yayanka ne fa." Na ce ko fasto ne, haka aikin yake.

Har yau bai zo ba. Katakonsa yana nan a jingine, na fere na ajiye inda ruwa ba ya taɓawa.