Neman Ajin Sinanci, Daga Upper Marlboro Zuwa Rockville

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da yayata da babbar 'yata mai shekara bakwai. Ranar Talata ce a ƙarshen Fabrairu, sanyi har cikin ƙashi. Sai da Yaya ta shafe minti goma tana kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashin mota, tana mitar cewa hutu ɗaya tal gare ta a mako, shi ma na cinye mata saboda yaren da ba ta san ko gaisuwarsa ba.

Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba, shekara tara muka yi a Guangzhou. Maigidana yana harkar tura kaya zuwa Kano, har yanzu yana can. 'Yan matanmu biyu can aka haife su, babbar har ta gama aji ɗaya a makarantar Sinawa ta unguwarmu. Da na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Washington, na taho da su muka sauka gidan Yaya a Upper Marlboro, ita ta daɗe tana aikin nas a nan. In na gama, Sin za mu koma. To amma wata shida kacal, Turanci ya cinye bakin yarinyar. Babanta zai kira ya yi mata Sinanci, ta ba shi amsa da Turanci. Idan ta koma ba ta iya karanta rubutunsu ba, tsohuwar makarantarta ba za ta sa ta ajin sa'o'inta ba, ta 'ya'yan baƙi kuwa kuɗinta ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Shi ya sa na zaɓo makarantu uku masu koyarwa da Turanci da Mandarin, wato Sinancin da ake karatu da shi, na ce sai na gan su da idona a rana ɗaya.

Mun bar motar a tashar jirgin ƙasa na Metro da ke Largo, fakin kusan dala biyar a wuni. Da safe kuɗin jirgi ya fi tsada, kuma yarinya mai shekara bakwai kuɗin babba take biya, abin da Yaya ta ce ko a Kano ba a yi wa yara wannan rashin ta-ido. Da yake Largo ce tashar farko, mun samu kujeru. Kafin mu shiga birni jirgin ya cika da ma'aikata, kowa da katin ofis rataye a wuya, kowa ya yi gum. A Metro Center muka sauya zuwa jirgin da ake kira jan layi, muka sauka a arewa maso yammacin birnin, unguwar ofisoshin jakadanci da manyan gidaje. Matattakalar lantarkin da ke fito da mutane daga tashar doguwa ce ƙwarai, sai ka ɗaga kai ka hango haske can sama kamar daga cikin rijiya.

Makaranta ta farko mai zaman kanta ce. Gini na jan bulo, an share dusar ƙanƙara tas daga hanya, aka tarbe mu da kofi da biskit. Matar da ta zaga da mu akwai fara'a, azuzuwan kuma ba a magana, yara ba su wuce goma sha biyar ba a kowanne. Muka leƙa ajin Sinanci muka tarar 'yan aji biyu suna waƙar ƙidaya daga ɗaya zuwa goma. 'Yata ta ja mayafina, ta raɗa min da Turanci cewa wannan ai ƙanwarta ma ta iya. Na tambaya sau nawa ake darasin, aka ce sau uku a mako. Sai aka miƙo takardar kuɗi: sama da dala dubu ashirin a shekara, ban da abinci da motar makaranta. Yaya ta karɓa ta gyara zaman tabarau, ta karanta, ta ninke ta a hankali ta sa a jaka, ta ƙara ɗaukar biskit biyu. Da muka fito ta ce ai dole mu ci wani abu a wurin nan.

Tasi muka tara zuwa ta biyu. Direban ya ji muna Hausa sai ya waiwayo da sallama. Mutumin Kumasi ne, dattijo mai furfura a gemu, ya ce ya haura shekara ashirin yana tuƙi a birnin. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “ka” ne. Da ya ji inda za mu, ya ce ya san makarantar, kyauta ce, amma sai mazauna cikin birni.

“Hajiya, kar ka damu,” in ji shi. “Gidana na cikin gari. Ka rubuta adireshina, in wasiƙa ya zo ni zan kawo maka. Mu duka Musulmi ne.”

Yaya ta zungure ni da gwiwar hannu, alamar ga hanya ta samu. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so in karɓa. Amma bizar ɗalibi gare ni, takardar ƙarya guda ɗaya ta isa ta rusa komai. Abin da ya fi tsaya min a rai ma shi ne, sai na zaunar da yarinya na koya mata cewa in malama ta tambaye ta inda take kwana, ta faɗi gidan da ba ta taɓa shiga ba. Na ce masa, “Baba, Allah Ya saka da alheri, amma ba zan iya ba.” Bai ji haushi ba. Da muka sauka ma da ƙyar ya karɓi kuɗinsa.

Makarantar ta burge ni. Rabin karatun da Sinanci ake yi, har lissafi. Na ga yara baƙaƙe da farare suna tsere a baranda, malama ta tsawata musu da Mandarin, suka tsaya cak. Sai dai ko da mun koma cikin birni da zama, ƙuri'a ake jefawa, kuma masu jiran gurbi suna da yawa. Na tambaya ko iya yaren zai sa a fifita yarinya, aka ce a'a, dokar ƙuri'ar ɗaya ce ga kowa. Ban ga laifinsu ba, amma ba zan tashi gida dungurungum a kan wataƙila ba.

Muka sake hawa jan layi zuwa Rockville. Bayan an fita daga birni jirgin ya fito sarari, ga bishiyoyi tsirara ba ganye, ga bayan gidaje da kekunan yara jingine. Rockville gari ne da Sinawa suka yi yawa. A babban titinsa allunan shaguna da rubutunsu ne, har na ji kamar na koma unguwarmu. Muka shiga wani ƙaramin gidan abinci, na yi odar taliya da ganye da kifi, kwano dala takwas, mutum biyu za su ƙoshi da shi. Da Sinancina na kasuwa na jaddada wa mai kawo abincin cewa ban da alade, ban da mansa. Ta fahimta, ta yi dariya, ta sunkuya ta tambayi 'yata shekarunta nawa. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Matar ta maimaita, shiru. Yaya kuwa tana can tana kokawa da tsinkayen cin abinci, daga ƙarshe ta haƙura ta nemi cokali mai yatsu.

Mun yi azahar a wani lungu na ɗakin karatun garin, sannan muka hau bas zuwa makaranta ta uku. Firamaren gwamnati ce, gini ɗaya mai faɗi, ba kofi ba biskit, sai da muka nuna katin shaida aka buɗe mana ƙofa. Sakatariyar ofis, wata dattijuwa, ta ce su ma ƙuri'a suke yi, kuma ta 'yan ajin farko ce. Na fara tattara takarduna, sai na ce bari dai in tambaya: “To wadda ta riga ta iya fa? A Sin ta yi aji ɗaya.”

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce wannan maganar daban ce. A manyan azuzuwa in wasu iyaye suka tashi daga gari, kujera takan zauna ba kowa, domin ba a ba wa yaro sai ya ci jarrabawar yare, masu iya cin ta kuwa ba su da yawa. Yanzu haka akwai gurbi a aji uku na baɗi. Sharaɗi ɗaya ne, mu zama mazauna gundumar da makarantar take ciki da gaske. Ta ɗaga waya ta kira malamar aji biyu, wadda ɗalibanta suka tafi wasan motsa jiki.

Malamar matashiya ce 'yar arewacin Sin. Ta kai mu ajinta, ta durƙusa ta gai da 'yata. Shiru. Ta tambayi sunanta. Yarinyar ta kalle ni, idonta ya ciko, ta ce da Turanci ta manta. Na buɗe baki zan sa baki, malamar ta ɗaga min hannu. Ta miƙa mata alƙalamin allo, ta juya ta shiga gyara kujeru kamar ta manta da mu. 'Yata ta daɗe a tsaye. Can ta rubuta sunan da malamarta ta Guangzhou ta raɗa mata, haruffa biyu, kowane zane a kan ƙa'idarsa. Sai ta matsa jikin bango inda aka liƙa aikin ɗalibai, tana bi da yatsa. Ta tsaya a kan wata takarda ta faɗi wata magana da Sinanci, a hankali. Malamar ta juyo ta tuntsire da dariya.

“Me ta ce?” Yaya ta tambaye ni.

“Cewa ta yi mai wannan takardar ya manta ɗigo ɗaya. Kare ya so rubutawa, sai ya rubuta babba.”

Daga nan baki ya buɗe. Minti goma suna hira, ni rabi nake tsinta. Malamar ta ce min yarinyar da harshen 'yan kudu take magana, karatunta ya ɗan yi tsatsa amma tushen yana nan daram. Ba ita ke yin jarrabawar ba, ofishin gunduma ne, ta rubuta min yadda zan nemi rana da irin littattafan da za mu riƙa bitawa.

A hanyar dawowa mun faɗa cikin tashin ma'aikata, a tsaye muka yi rabin tafiyar. Muka sauka a Largo. Sai da muka shiga mota, yarinya ta yi barci a baya, sannan Yaya ta ce, “To, kin yanke shawarar barin gidana ke nan.”

“Yaya, daga nan zuwa can awa biyu ce. Kuma kin ji sharaɗinsu.”

“Na ji. Tun da yarana suka tafi jami'a ban ƙara buɗe ƙofar gidan nan na ji motsin mutum ba sai da kuka zo.”

Ni duk wunin lissafin kuɗin haya da na jirgi nake yi, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Mun iso gida daidai magariba. Bayan mun yi salla na ji ta a kicin tana waya da wata abokiyar aikinta 'yar Jos da ke zaune a wancan yankin, tana tambayar ko ta san gida mai ɗaki biyu kusa da layin bas, mai araha, wanda ba a ƙasan bene ba saboda yara. Ta kira mutum huɗu kafin ta zauna cin abinci. Ba ta ce min ta yarda ba. Cewa kawai ta yi duk Juma'a da yamma za ta zo ta kwashe mu, sai Lahadi ta mayar, kuma ba shawara take nema ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min, ga masu irin damuwata: kada a zaɓi makaranta daga hotunan intanet, a je da ƙafa, kuma a tafi da yaron, don shi zai zauna a ajin. Tsadar makaranta ba ta nuna yawan yaren da ake koyarwa a cikinta, a tambayi awa nawa ake yi a mako. In an ce babu hanya, a ƙara tambaya ɗaya kafin a miƙe, domin da na yi shiru a gaban sakatariyar nan da hannu Rabbana zan dawo. Sannan a tuna da waɗanda za a bari a gida.

Jiya aka ba mu ranar jarrabawa, saura mako uku. Kullum bayan la'asar muna zama a teburin cin abinci, haruffa goma a rana, ita ke gyara min nawa. Na ga yadda take riƙe fensir, in sha Allahu kujerar nan tata ce.